Malamin Tarihi da Ƙofar Turanci: Nazarin Lamarin Wani Masani a Kudancin Masar

Mutumin da wurin

Zan kira shi Duktur kawai, domin haka kowa ke kiransa, tun daga ɗalibai har mai kawo shayi a sashen. Malamin tarihi ne a wata jami'ar gwamnati da ke Sa'id, wato Kudancin Masar. Na san shi lokacin da nake karatun gaba da digiri a can, kuma zumunci bai yanke ba bayan na dawo gida.

Ɗan manomi ne. Makarantun gwamnati ya yi tun daga firamare, bai taɓa taka makarantun nan da Misrawa ke kira madaris al-lugat ba, inda ake koyar da lissafi da kimiyya da Turanci ko Faransanci. Sai a ƙaramar sakandare ya fara ganin Turanci, shi ma na hadda ne don cin jarrabawa. Daga nan ya hau matakan da dokar jami'o'i mai lamba 49 ta shekarar 1972 ta shata: mu'id, wato matakin farko na koyarwa, sai mudarris musa'id (mataimakin malami) bayan digiri na biyu, sai mudarris (cikakken malami) bayan digirin digirgir. A 2012 ya zama mudarris. Doka ta ce sai mutum ya yi aƙalla shekara biyar a wannan matsayi kafin ya miƙa ayyukansa ga kwamitin ƙarin girma da ke ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Jami'o'i don neman zama ustaz musa'id, matakin da ke ƙasa da farfesa. Ke nan daga 2017 hanya a buɗe take gare shi.

Fagensa tarihin mallakar gona a ƙauyukan Masar, daga ƙarshen zamanin Usmaniyya zuwa dokar ƙasa ta Sa'id Basha ta 1858. Yana karanta kundayen kotunan shari'a kamar yadda kake karanta jarida. Abin da ya fi wannan wuya, yana karanta ƙirma, rubutun nan na magatakardan baitulmali na zamanin Usmaniyya, wanda haruffansa a karye suke, ba ɗigo, alƙaluman lissafinsa kuma kamar zanen sirri. Masu iya karanta shi ba su da yawa ko a cikin malaman tarihi.

Ƙasar da abin ya faru a cikinta

Dole a ɗan koma baya, domin rigimar harshe a jami'ar Masar ta girmi Duktur nesa ba kusa ba. A 1826 Muhammad Ali Basha ya tura ɗalibai Faransa, ya haɗa su da wani matashin malamin Azhar a matsayin limami, Rifa'a al-Tahtawi, shi ma ɗan Sa'id. Limamin ya koyi Faransanci, ya dawo, ya jagoranci makarantar harsuna da aka buɗe a 1835 don mayar da ilimin Turai cikin Larabci. Makarantar likitanci da aka kafa a 1827, wadda daga baya ta koma Ƙasrul Aini, da Larabci take koyarwa ta bakin tafintoci. Bayan Ingila ta mamaye ƙasar a 1882 ne aka juya ta zuwa Turanci, kuma har yau da Turanci ake karatun likitanci a Masar, alhali a Dimashƙu da Larabci ake yi. Ita kanta dokar 1972 ta ce Larabci ne harshen koyarwa, sai dai ta bar wa majalisar kowace jami'a damar zaɓar wani harshe a wasu fannoni.

Abin da wannan ya haifar shi ne jami'a ɗaya mai gida biyu. Likitoci da injiniyoyi da masana kimiyya suna bugawa da Turanci, sunayensu na fitowa a Scopus, rumbun ƙididdigar mujallun bincike na duniya, jami'a na alfahari da su duk lokacin da aka fitar da jerin jami'o'in duniya. Malaman adabi da tarihi da shari'a suna bugawa da Larabci a mujallun tsangayoyinsu. Ba wanda ya ce aikinsu ba aiki ba ne. Amma kowa ya san ɓangaren da ake tura wa baƙi idan sun zo.

2015: Inda abin ya fara

An yi wani taron masana tarihi a Alƙahira wanda baƙi daga Turai da Amurka suka halarta. Duktur ya gabatar da ƙasidarsa da Larabci, an tafa. Sai wani baƙo ya tashi ya yi tambaya da Turanci, doguwa, mai rassa. Babu tafinta a ɗakin. Duktur ya kama kalma biyu ko uku, ya yi murmushi, ya ce na gode. Shugaban zaman ne ya amsa a madadinsa, kuma amsar da ya bayar ba ita ce Duktur zai bayar ba.

Ya kwana cikin jirgin ƙasa ya koma kudu. Daga baya ya gaya mini cewa abin da ya hana shi barci a daren ba tambayar ba ce. Shi ne ganin wani yana magana a kan kundayen da ya shekara goma yana shaƙar ƙurarsu, shi kuma yana zaune yana gyaɗa kai. Daga wannan rana ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa biyu da ba wanda ya ɗora masa: ba zai miƙa takardun ƙarin girma ba sai da ƙasida ta Turanci a ciki, kuma sai ya samu tallafin zuwa bincike waje, wanda shi kuwa sai da takardar shaidar ƙwarewa a harshe.

2016: Kwas da jarrabawa

Ya yi rajista a wata cibiyar koyon Turanci a babban birnin lardinsu, sau uku a mako da yamma, wata shida. 'Yan ajin kusan duk sa'o'in ɗalibansa ne, har akwai biyu da ke ɗaukar darasinsa da safe. Idan malamar ta ce ya karanta, sai ajin ya yi tsit irin na girmamawa, wanda ya fi dariya ciwo. Darussan kuma na yadda ake kama ɗaki a otal ne da tambayar hanya a filin jirgi.

Ya zauna jarrabawar TOEFL, ta shaidar ƙwarewa a Turanci, sau biyu a shekarar. Nahawu da karatu ya ɗan taɓuka. Sauraro ne ya kayar da shi duka biyun. Makinsa ya ishi rajistar karatu a cikin gida, bai kai abin da masu tallafi ke nema ba.

Ana cikin haka, ranar 3 ga Nuwamba 2016, Babban Bankin Masar ya saki fam ya nema wa kansa daraja a kasuwa. Dalar da ake saye ƙasa da fam tara ta doshi fam goma sha takwas cikin 'yan makonni. Duk abin da ake lissafinsa da kuɗin waje, daga kuɗin jarrabawa zuwa littattafai, ya ninka, albashi kuwa yana inda yake. Duktur ya daina zuwa kwas.

A farkon wannan shekarar ne gwamnati ta buɗe Bankin Ilimi na Masar, rumbun intanet da ke bai wa duk ɗan ƙasa damar karanta mujallun manyan kamfanonin ɗab'i na duniya kyauta da lambar katin ɗan ƙasa. Duktur ya yi rajista kamar kowa. Ya ce sau ɗaya ya buɗe, ya ga shafi ashirin na Turanci, ya rufe.

2017: Fassarar kuɗi

Tun da harshen ya ƙi, sai ya yanke shawarar sayensa. Ya ɗauki mafi kyawun ƙasidarsa, shafi arba'in, ya kai wani ofishin fassara irin waɗanda ke fassara takardun haihuwa da na aure ga masu neman biza. Ya biya kusan rabin albashinsa na wata. Bayan mako uku aka ba shi. Bai iya duba ta ba, sai ya tura wa wata mujallar tarihin Gabas ta Tsakiya yadda take. Cikin kwana goma editan ya mayar da ita, bai ma kai ta ga masu tantancewa ba.

A nan na shigo. Ya san mu 'yan Najeriya da Turanci muka yi boko, sai ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ce, "Ya ibni, duba mini wannan, kada kowa ya ji."

Shafi na biyu na ga abin da ya faru. Ginshiƙin ƙasidar kalma ɗaya ce, asar, wadda a kundayen ƙasa take nufin gonar da manomi ke riƙe da ita, yana nomawa, 'ya'yansa su gaje shi, ko da yake asalin mallakarta na hukuma ne. Amma a Larabcin yau jam'in kalmar, asaar, shi ne kayan tarihi irin na Fir'aunoni. Mai fassarar, ko na'urar da ya jingina da ita, ya ga ana maganar Kudancin Masar, ƙasar Luksor da kaburburan sarakuna, sai ya mayar da gonar gado ta zama filin tonon kayan tarihi. Tun daga farko har ƙarshe manoman Duktur suna biyan haraji a kan kufai. Iltizam kuma, tsarin nan na sayar da haƙƙin karɓar haraji wanda Muhammad Ali ya rushe a 1814, ya koma cika alkawari.

Da na fassara masa abin da aka rubuta da sunansa, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambaye ni ko editan zai tuna sunansa.

2018: Gyarana da mujalla mai saurin amsa

Na yi wata biyu ina gyara. Na daidaita nahawu, na mayar da kalmomin fannin yadda ya bayyana mini su. Muka tura wa wata mujallar. Wannan karon ta kai hannun masu tantancewa biyu, kuma dukansu suka ce a'a. Ɗaya ya rubuta cewa ya karanta shafi tara bai ga abin da marubucin ke son tabbatarwa ba. Ɗayan ya lissafo ayyuka huɗu na Turanci a kan batun da ƙasidar ba ta ambata ba. Duktur ya san biyu daga ciki, amma ta fassarar Larabci da ta fito shekaru bayan na asali. Sauran biyun bai taɓa jin labarinsu ba.

Laifina a nan shi ne na ɗauka Turanci shi ne jimla mai kyau. Ƙasidar tana nan da ƙirarta ta mujallun tsangaya: doguwar shimfiɗa, yabon magabata a fannin, jera takardu ɗaya bayan ɗaya, sai a shafukan ƙarshe marubuci ya faɗi ra'ayinsa cikin tawali'u. Ni ma haka na saba gani a wurin malamanmu na gida, don haka ban ga komai ba.

Ƙarshen shekarar wani abokin aikinsa ya nuna masa wata mujalla ta intanet mai amsa ƙasida cikin mako biyu idan an biya da dala. Ya biya. Aka buga. A fitowa ɗaya da tasa akwai ƙasida kan kiwon kaji da wata kan gyaran haƙori. Bayan 'yan watanni sunan mujallar ya ɓace daga rumbun da take taƙama da shi. Bai taɓa sa wannan ƙasida a jerin ayyukansa ba, kuma tun da an riga an buga ta, ba damar kai ta wani wuri. Mafi kyawun aikinsa ya bi ruwa.

Shekara ta biyu ke nan da cancantarsa ga ƙarin girma. Sa'o'insa biyu sun wuce da ƙasidun Larabci zalla.

2019: Kujerar kusa da shi

Lokacin hutun bazara ya tafi ma'adanar takardun ƙasa da ke bakin Nilu a Alƙahira, kamar yadda ya saba. A kujerar kusa da tasa akwai wani ɗalibin digirin digirgir daga wata jami'ar Turai, ya tasa wani kundin haraji a gaba tun safe bai juya shafi ba. Larabcinsa na zamani ba laifi, amma ƙirma ta tsare masa hanya. Duktur ya leƙa, ya karanta masa layin: sunan ƙauye, yawan faddan (ma'aunin gona a Masar), ƙirat nawa daga cikin ashirin da huɗu da ke cikin faddan ɗaya, kuɗin da aka ɗora. Minti biyar.

Suka yi yarjejeniya a wurin shan shayi. Awa biyu, sau biyu a mako. Awa ta farko Duktur ya koya masa ƙirma. Awa ta biyu su ɗauki ƙasida ɗaya ta Turanci a kan ƙasar noma ta Masar su bi ta sakin layi bayan sakin layi. Ƙasidar farko ta ci musu mako biyar. Ta biyu mako uku, domin kalmomin su ne dai suke ta dawowa, kuma Duktur ya riga ya san abin da ake magana a kai, sau da yawa ma ya taɓa riƙe ainihin kundin da marubucin ya kafa hujja da shi.

A nan ya buɗe wani littafin rubutu mai bangon kwali, ya raba kowane shafi gida uku. Gida na farko kalmar kundi. Na biyu yadda marubutan Turanci suka fassara ta, da wanda ya fassara. Na uku, inda yake ganin sun yi daidai ko sun kauce. Na ga littafin da idona. Gida na ukun ya fi sauran cika, har rubutu na gangarowa gefen shafi, wani wurin da jan biro.

Da baƙon ya koma ƙasarsu suka ci gaba ta waya. Bankin Ilimin da ya rufe a 2016 ya zama abin da yake buɗewa bayan sallar asuba, rabin awa kullum.

2020 zuwa 2021: Ƙasida daga gida na uku

A watan Maris 2020 aka rufe jami'o'i saboda korona. Zaman gida ya ba shi lokaci. Ya lura cewa yawancin abin da ya rubuta a gida na uku yana zagaya abu ɗaya: marubuta da dama sun gina bayaninsu a kan kundayen arewacin ƙasar, alhali a can ƙuryar kudu, inda ambaliyar Nilu ke sauya girman gona, an daɗe ana sake auna ƙasa ana rabawa, don haka kalma ɗaya ba ta ɗauke da nauyi ɗaya a wuraren biyu. Wannan ne ya zama sabuwar ƙasida.

Ya rubuta ta da Larabci, amma da sabuwar ƙira: abin da yake iƙirari a sakin layi na farko, wanda yake saɓa wa a na biyu. Sannan ya mayar da ita Turanci da kansa, Turanci mai ɗingishi, shafi ɗaya a kwana biyu. Wata matashiyar mudarrisa musa'ida daga sashen Turanci ta yarda ta gyara, bisa sharaɗin da shi ya gindaya: ba za ta canza jimla ba sai yana wurin. Ta kan tambaye shi, "Ya Duktur, me kake nufi a nan?" Ya bayyana da Larabci, su nemi jimlar tare. Ya ce makon farko jan alƙalamin yarinyar da ya girme wa da shekara goma sha biyar ya yi masa nauyi. Daga baya ya gane rabin tambayoyinta ba na harshe ba ne, wuraren da shi kansa bai gama tunani ba ne.

Abokinsa na Turai ya sa aka gayyace shi wani zaman ƙara wa juna sani ta Zoom. Ya karanta takardarsa minti ashirin. Kafin a fara ya roƙi a rubuto tambayoyi a rubuce. Uku ya amsa da Turanci. Ta huɗun ta yi zurfi, sai ya ce zai amsa da Larabci wani ya fassara, kuma ba wanda ya ga abin mamaki, domin kusan duk mahalartan sun san Larabci.

Mujallar farko da ya tura wa ta ce ya gyara ya sake turowa. Masu tantancewa sun cika shafi huɗu, amma duka a kan hujja suke ja da shi. Ya gyara sau biyu. A ƙarshen 2021 aka karɓa.

2022: Sakamako

Ya miƙa takardunsa, ƙasidun Larabci da ta Turanci ɗaya, ya zama ustaz musa'id, shekara biyar bayan lokacin da ya cancanta. Tallafin fita waje bai samu ba, bai kuma sake zama jarrabawar ba. Sauraronsa har yanzu da saura. Idan Bature ya yi sauri sai ya ce ya maimaita.

A sashen wasu na tsokanarsa da hawaga, sunan da Misrawa ke kiran Bature da shi. Wani dattijon farfesa da ya koyar da shi ya karanta sabuwar ƙasidarsa ta Larabci ya ce ta bushe, ba ladabi a cikinta, ta fara da "ni" tun kafin ta gai da kowa.

Abin da na gani

Kwas ɗin bai yi aiki ba saboda ya mayar da masani ɗan aji ɗaya, ya kuma koya masa Turancin da ba shi da abin yi da shi. Fassarar kuɗi da mujallar dala sun fi muni, domin dukansu sun fitar da shi daga cikin aikinsa: aka sa sunansa a kan maganar da ba zai iya karantawa ba, balle ya kare ta. Gyarana ya wanke rigar ne kawai. Abin da ya yi aiki ya fara ne daga wurin da ya fi kowa ƙarfi. Ya shiga musayar yana da abin bayarwa, ya karanta Turanci a ɗan ƙaramin fage inda ya riga ya san amsa, kuma bai rubuta ba sai da ya samu wanda zai yi jayayya da shi.

Ina ganin jinkirin shekara biyar ɗin shi ya jawo wa kansa, kuma bai zama dole ba. Kwamiti zai karɓi ayyukansa na Larabci tun 2017. Ya haɗa rashin jin tambaya ɗaya da rashin zama malami, kuma yanayin jami'ar ya taya shi haɗawa. Na san irin wannan a gida, wurin malaman da suka sauke manyan littattafai a zaure amma suke yin shiru idan ɗan boko ya buɗe baki.

Sai dai ba na son a ɗauki hanyarsa kamar magani ga kowa. Ya yi sa'ar kujerar kusa da shi, kuma yana da hajar da baƙo ke nema ido rufe. Malamin falsafa ko na ilimin tarbiyya a wannan tsangayar ba shi da ƙirmar da zai yi musaya da ita. Dattijon farfesan ma ba zan ce ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Na karanta tsofaffin ƙasidun Duktur da sababbin. Sababbin sun fi kaifi, tsofaffin sun fi barin takardun su yi magana da kansu, kuma a cikinsu ne na fara jin muryar manomin da ya zo gaban alƙali yana rantsuwa a kan ƙirat uku. A 2020 kuma aka buɗe rumbun ƙididdigar mujallun Larabci na kamfanin Clarivate da kuɗin Bankin Ilimin, don a riƙa ganin ayyukan irinsu Duktur a ma'aunin duniya, amma editan da ya mayar masa da ƙasida a 2017 ba nan yake dubawa ba.

Littafin mai bangon kwali ya kai na uku yanzu. Ɗalibansa na digiri na biyu kowa sai ya buɗe nasa a zangon farko, kuma gida na ukun kaɗai yake ba wa maki.